Ƙafar Birki

A cikin ƙafata ta dama akwai ƙarfe wanda bai kai taƙi ɗaya ba, da kusoshi 8. In sanyin hunturu zai sauko Tawa, kafin kowa ya jawo bargo ni ƙafata ta riga ta sanar da ni. 'Yan tasharmu sun mayar da abin wasa, in sun ga ina ɗingishi da safe sai su ce, "To, gidan rediyo ya yi magana, gobe akwai hazo." Ina taya su dariya, amma ban taɓa zama na ba su labarin daga tushe ba. Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuta shi yanzu, makon jiya na ga wani yaro cikinmu ya fito aiki da ƙafa naɗe cikin tsumma, yana taka giya yana cije leɓe. Na ja shi gefe na yi masa magana, sai ya ce mini, "Yaya, in ban fito ba wa zai ciyar da gidan?" Maganar da na yi ce da bakina shekara biyu da suka wuce, ba ragi ba ƙari.

An haife ni a 1988 a wani ƙauye tsakanin Tawa da Kaita. Wanda ya san Adar ya san ƙasarmu: dutse da faƙo, damina gajera, geron da aka noma in ya kai gida wata biyar an gode Allah. Shi ya sa namiji a wajenmu da gemu ya fara tsiro masa sai ya rataya jaka. Na yi lakwal har aji shida, na bari, na bi 'yan uwa cin rani Abijan a 2008. Na yi tallan kayan koli, na yi gadi, har rikicin zaɓen ƙasar ya taso a ƙarshen 2010. A 2011 na dawo gida da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na kuma yi wa kaina alkawari ba zan sake kwana a ƙasar wani ina jin harbi ba.

Sai na shigo Tawa na kama kabu-kabu. Shekara biyar ina tuƙa babur ɗin wani, kullum da dare in kai masa kuɗinsa, abin da ya rage shi ne nawa. A 2016 na kwashi adashe, na haɗa da kuɗin ɗan maraƙin da na sayar, na sayi Kasea sabuwa fil a leda. Ranar da na shigo da ita gida matata ta yi guɗa kamar an kawo amarya. Da wannan babur na yi sunan 'ya'yana uku, da shi na rufa wa Inna ɗaki da kwano. Ina faɗin wannan ne don a gane abin da ya biyo baya, a san ba ƙarfe kawai nake kallo ba in na kalle shi.

Wanda bai taɓa tuƙi ba yana zaton aikin hannu ne. Ƙafa ce ke yin rabin aikin. Ta hagu tana kan giya, ta dama ita ce mai birkin baya, ita ce kuma mai buga kik. Mu 'yan kabu-kabu mafi yawanmu batirinmu ya mutu tun shekarar farko, ba ma sake saye, don haka kowane tashi sai an buga da ƙafa, a yini sau hamsin ko fiye. Birkin gaba kuwa tsoronsa muke, an ce yana kayar da mutum a cikin rairayi, saboda haka duk tsayuwarmu a kan ƙafar dama take. Kuma duk wannan aiki da silifas muke yinsa, saboda zafi.

Ranar Lahadi ce, kasuwar Tawa na ci, Lahadin da ta gabaci Sallar Layya ta 2023. Ranar da ɗan kabu-kabu ke jira shekara guda. Tun safe nake jigila, ban ko karya ba. Wajen la'asar wani dattijo ya tsayar da ni da rago, babba, mai ƙaho. Muka yi ciniki a dala 100, wato sefa 500, aka ɗaure ragon ƙafafu, ya rungume shi a cinya tsakanina da shi. Na sha yin irin wannan ɗauka, ban ga komai a ciki ba. Mun bar kwalta mun shiga wata hanya mai yashi ke nan sai amalanken jaki ya fito daga lungu. Na taka birki, ragon ya zabura ya yi wani irin wutsil-wutsil, nauyi duk ya koma dama. Na sauke ƙafa in tare mu. Ƙafar ta nutse a yashi, babur da ni da dattijo da rago muka bi ta kanta.

Na ji ƙarar, kamar an karya busasshen karan dawa. Zafin bai zo nan take ba. Abin da na fara ji shi ne salansa tana cin naman ƙwabrina, na yi ta kiran a ɗaga, a ɗaga. Da aka ɗaga babur na duba, sai na ga tafin ƙafata yana kallon inda bai kamata ya kalla ba, ga ɗan rauni a gefen idon sawu, bai fi girman ƙwandala ba, jini na tsatsa. Dattijon bai ji ko ƙwarzane ba, ragon ma haka. Ya tsaya yana ta salati, ya cusa mini jika 2 a aljihu, wato sefa dubu biyu, ya nemi wani ya ƙarasa da shi.

A nan aka yi kuskuren farko, kuma da yardata aka yi. Abokan aiki suka ce a nufi likita. Ƙanena ya kira Inna a waya, ina jin muryarta tana cewa, "Kar ku kai shi su yanke mashi ƙahwa! Ku kawo shi gida, mai ɗori na nan." Ni ma a raina abin da nake so ke nan. Na yi lissafi ina kwance a ƙasa: likita kuɗi ne da wata uku a kwance, mai ɗori kuwa kwana arba'in ne da ɗan abin goro.

Ba zan zagi mai ɗorin nan ba. Tsoho ne da ya gaji sana'ar, na san mutane da yawa da ya ɗora suka miƙe, har da wana da ya faɗo daga kan rumbu. Ya sa ƙarti biyu suka danne ni, ya ja ƙafar, na suma, na farfaɗo na tarar an shafa man shanu an jera kara an ɗaure tam. Abin da shi bai duba ba, mu ma ba mu sani ba, shi ne karayar da ta zo da rauni daban take da wadda fata ba ta fashe ba. Ɗan ramin nan mai kamar ƙwandala ƙofa ce har zuwa ƙashi, an kuwa rufe ta da ƙasar hanya a ciki. Kuma karayar idon sawu a gaɓa take, in ƙashin bai koma mazauninsa daidai ba, ko ya haɗe mutum ba zai taka lafiya ba.

Na yi Sallah a kwance a zauren Inna. A kwana na bakwai zazzaɓi ya fara. A na goma 'yan yatsun suka kumbura kamar rogo, ƙuda suka fara bin ɗaurin. Aka ce ɗori ne ke kamawa. A na goma sha biyu matata ta zo daga Tawa, ta shigo ta durƙusa ta gaida Inna, ta matso kusa da ƙafar, sai na ga ta kau da kai. Mace ce da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban uwata ba. Ranar ma ba ta ɗaga ba. Cewa ta yi, "Inna, ki yi mini gafara, ƙafar nan wari take. In an bar shi nan, abin da kike tsoro shi zai faru." Inna ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce a nemo mota.

A asibitin Tawa da majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya kwance ɗaurin, ni kaina sai da na toshe hanci. Suka wanke, suka yanke naman da ya mutu, suka yi mini allurar tetanus, suka ɗaura ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Hoton da aka ɗauka, wanda a nan muke ce wa radiyo, ya nuna ƙasusuwa biyu na idon sawu sun karye, na ciki da na waje, gaɓar kuma ta goce. Bayan kwana goma aka ba mu takarda zuwa Yamai wajen likitan ƙashi. Kusan kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Kujera biyu muka biya mini don in miƙe ƙafar, kuma kowane rami da motar ta faɗa na san da shi.

Ina kwance a ɗakin masu karaya a Yamai, mu takwas, shida daga cikinmu babur ne ya kawo mu, aka wayi gari ranar 26 ga Yuli 2023 ana ta raɗe-raɗin an tsare shugaban ƙasa Bazoum Mohamed. Da dare sojoji suka fito a talabijin. Kowa a ɗakin ya manne da waya, ni kuwa Allah ya sani ba mulki ne a gabana ba, tambayata ɗaya ce: za a yi mini aikin ko ba za a yi ba? Kwana huɗu bayan nan CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, daga baya Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Ɗan kawuna da ke sayar da katako a kasuwar Katako shi ya yi ta yawo da takardar magani daga wannan shago zuwa wancan. Kuɗin ƙarfe da kusoshi da magunguna da zaman jinya, da muka tattara daga baya, sun haura jika 600. Awakin matata biyar suka tafi, da 'yan kunnenta na aure, ga bashi a wuyan ɗan kawuna. Aka ce a sayar da babur, na ce sai dai a bar ni da ƙafar haka.

A farkon Agusta aka shiga da ni. Allura suka yi mini a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma idona biyu. Ina jin ƙarar injin huda ƙashi, irin ta masu walda, ina jin ana jijjiga ni, ba zafi. Na yi ta karanta duk abin da na haddace tun na allo. Da aka gama likitan ya leƙo ta saman labulen ya ce, "Malam, ƙafarka ta tsira, amma da kyar. Sauran aikin naka ne."

Ya yi mini bayani dalla-dalla ranar sallama, kuma na ji da kunnena, ba zan ce ban ji ba. Ya ce ƙarfen nan ba ƙashi ba ne, riƙo kawai yake yi kafin ƙashi ya haɗe da kansa. Mako shida ba taka ƙasa ko kaɗan. Bayan nan a taka sannu-sannu da sanduna. Ya ce tunda ciwo ya shiga wurin, nawa haɗewar zai fi na kowa jinkiri. Na ce, "Likita, babur fa?" Ya ce, "Sai ranar da na ce."

Zaman gida shi ne abin da ban shirya masa ba. Ciwo ana jure shi. Abin da ya ci ni shi ne in ga gari ya waye, maza sun fita, ni ina kan tabarma a tsakar gida tare da kaji. Matata ta fara awara. Tun asuba take tashi ta kai waken suya niƙa, ta tace, ta dafa, da yamma ta soya a ƙofar gida. Da wannan muke ci. Ba ta taɓa yi mini gori ba ko da ido, kuma wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. In ta ajiye mini kwano sai in ji kamar sadaka aka ba ni. Na zama mai faɗa, yaro ya gifta in daka masa tsawa, ta yi magana in ce raini ne.

Babur na hannun ƙanena. Da ma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, man ruwa-ruwa da muke saye a kwalba da araha ya tashi, ga rufe iyaka ya zo ya ƙara, shinkafa da komai suka yi sama, mutane suka koma tafiya a ƙasa. Yaron yana kawo abin da ya samu, wata rana jika ɗaya, wata rana ko hakan babu. Maimakon in duba halin da gari ke ciki, sai na sa a raina cuta ta yake. Har yau ina jin kunyar maganganun da na gaya masa.

A ƙarshen Satumba aka cire filasta. Ƙafar da na gani ba tawa ba ce: siririya kamar muciya, fata na saɓa, idon sawu ya sandare. Muka yi radiyo a Tawa muka tura wa likitan ta WhatsApp. Ya aiko da murya ya ce ƙashi ya fara kamawa amma da saura, in fara takawa kaɗan da sanduna biyu, in nemi masu gashin ƙashi. Daga duk maganarsa "ya fara kamawa" kawai na riƙe. Oktoba ta shigo, aka koma lakwal, yara na son littattafai da takalma, ɗan kawuna ya aiko a fakaice yana tambayar lafiyata, na san abin da ake nufi.

Wani abokin aiki ya zo duba ni, na yi masa kukan zafin da nake ji in na taka. Ya zaro ƙwaya biyu daga aljihu. Tramol ne, ba wanda bai san shi ba a tasha. Washegari da asuba na karɓi makulli a hannun ƙanena. Matata ta tsaya a bakin zaure da roba a hannu, ta ce, "Maigida, likita ya ce?" Na ce, "Likita ne zai ciyar da gidan?"

Kwana huɗu na yi ina aiki. Ƙwayar tana ɗauke zafin, sai mutum ya ji kamar an ba shi sabuwar ƙafa, alhali zafin nan shi ne mai gadin da ke cewa tsaya. Da dare ƙafar ta kumbura har ta yi sheƙi, in ɓoye ta cikin zane. Ba na iya buga kik, sai in sa yara su tura ni. A rana ta biyar, kusa da tashar mota, wata yarinya mai tallan ruwa ta ratso titi a guje. Ƙafata ta yi abin da ta saba shekara goma sha biyu, ta danna birki da dukkan ƙarfinta. Yarinyar ta tsira, ban ma faɗi ba. Amma na ji wani abu ya ce ƙas a ciki, kuma duk da ƙwayar da ke jikina sai da na ga duhu.

Kusa biyu sun karye, ƙarfen ya ɗaga, ƙashin ya sake gocewa. Da na koma Yamai a Nuwamba likitan ya ɗaga hoton sama ya daɗe yana kallo. Na shirya jin faɗa, bai yi ba. Ya tambaye ni nawa na samu a kwana biyar ɗin. Na ce wajen jika 14. Ya rubuta kuɗin aiki na biyu a takarda ya turo mini gabana, bai ƙara ko kalma ba.

Garin neman gira na rasa ido. Babur ɗin da na hana a sayar lokacin da ƙafata ke ruɓewa, da bakina na ce ƙanena ya kai shi kasuwa. Ban iya tambayar wanda ya saya ba. Har yau in na ga baƙar Kasea mai tsagaggen madubin hagu sai na bi ta da kallo.

Bayan aiki na biyu na dawo gida ba babur, ba abin da zan yi gaggawa dominsa. Abin mamaki, a nan hankalina ya fara kwanciya. Mako takwas ban taka ba. Wata rana da yamma matata na fama da wuta ga masu saye sun taru, sai na ja jiki na zauna a bakin tire na fara ƙirga musu awara ina karɓar kuɗi. Abokaina na wucewa a kan babur suna ɗaga mini hannu. Ranar farko kamar ƙasa ta tsage in shige. A rana ta uku wani ya tsaya ya ce a zuba masa ta dala 40, a sa yaji da yawa, muka yi hira ya tafi, duniya ba ta tashi ba. Wata bakwai na yi a bakin tiren nan. Na iya tace waken, na san awarar da ta ji ruwan tsami da wadda ba ta ji ba.

A wannan karon na je wajen mai gashin ƙashi, wanda muke ce wa kine, sau biyu a mako a bayan ƙanena, kan babur ɗin aro. Da na zaci wata na'ura za a sa mini. Ashe yawancin aikin a gida ne, kuma abin dariya ne in ka gani. In sa ƙafa a bokitin ruwan ɗumi, in zarga rawani a tafin ƙafa in riƙa jawowa wajena. In zauna in rubuta alif, ba, ta a cikin yashi da babban yatsa. In zuba tsakuwa a ƙasa in riƙa tsinta da 'yan yatsun ƙafa ina jefawa a gwangwani, 'yata ƙarama na ƙirgawa tana yi mini dariya in ta suɓuce. Daga baya aka koma tsayuwa da ƙafa ɗaya a jikin bango, da ɗaga diddige.

Mutumin ya ga na ƙosa da tambayar yaushe, sai ya ce, "Malam, yaya kake sallah?" Na ce a kan kujera. Ya ce, "To, ranar da ka sauko ƙasa, ka kafe ƙafar dama a zaman tahiya yatsu na kallon gabas ba ka cije baki ba, ka kuma ɗaga diddige sau goma a kan ƙafar ita kaɗai, ranar ka zo mu yi maganar moto." Wannan ma'aunin ya fi mini hoto, don sau biyar nake gwada shi a yini. Azumin 2024 duk a kujera na yi tarawihi. Sai a watan Mayu, wata sallar magariba, na ji yatsun sun lanƙwasu sun kama tabarma. Na yi sallama na daɗe ban tashi ba, liman ya zaci wani abu ya same ni.

A Yuni aka sake radiyo, likitan ya aiko da murya: ƙashi ya haɗe, in fara a hankali, kusa-kusa, ba fasinja. Shekara guda nake jiran wannan magana. Da ta zo sai na kasa.

Wannan ɓangaren ban taɓa gaya wa kowa ba sai matata. Wani tsohon makaniki da muke mutunci ya ce in zo in ɗauki babur ɗinsa duk lokacin da na so. Na je sau uku. In na ɗora ƙafa a kan birki sai tafin hannuna ya jiƙe, in ji ƙarar nan ta karan dawa a kunnena, in ce masa na tuna wani uzuri. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Har mafarki nake ina taka birki ƙafar na nutsewa kamar a cikin kunu.

Tsohon ya gane. A zuwa na huɗu ya ce, "Gobe bayan asuba ka same ni, kar ka gaya wa kowa." Ya goya ni muka fita bayan gari ta hanyar Abalak, inda akwai wani faƙo shimfiɗaɗɗe ba yashi ba jama'a. Ya sa sabon batir, ya ce kik ya haramta gare ni. Ya sassauto sandar birkin ƙasa kaɗan don kada sai na ɗaga ƙafa sosai kafin in same ta. Sannan ya ce kar in tayar, in hau kawai, shi zai tura. Dattijo mai furfura yana tura ƙato kamar yaron da ake koya wa keke, yana cewa, "Taka. Saki. Taka." Da muka yi haka wajen sau ashirin sai ya ajiye dutse a gabana ya ce in tayar in zo in tsaya daidai dutsen, amma da birkin hannu da na ƙafa tare, in matsa na hannun sannu kamar mai tatsar akuya. Shekara goma sha biyu ina tuƙi, ranar na san birkin gaba shi ya fi tsayar da babur a kan ƙasa mai tauri, fizgarsa ce ke kayar da mutum. Ya koya mini kuma in zan tsaya in sauke ƙafar hagu, ta dama ta zauna a mazauninta.

Na zagaya filin a giya ta ɗaya, sannan ta biyu. Iskar safiya ta shiga rigata. Ban san ina kuka ba sai da na ji gishiri a baki. Tsohon ya juya baya yana gyaran hula kamar bai gani ba.

Mako uku muna zuwa filin kafin in shiga gari, wani mako biyu ina yawo ni kaɗai. Kayan da na fara ɗauka buhun waken suyar matata ne, mutum na farko kuma Inna ce, da ta zo ganin jikoki na mayar da ita tasha. Ta riƙe rigata da hannu biyu, tun daga gida har muka isa ba abin da take cewa sai, "Sannu dai, ɗana, ba mu sauri." Na koma aiki sosai a Agustan 2024, lokacin an rage litar mai daga sefa 540 zuwa 499, abin ya ɗan taimaka. A Satumba kuma aka rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Na yi wa na baya murna, ni dai jirgin ya riga ya wuce ni.

Yanzu babur ɗin wani nake tuƙawa, na koma inda na fara a 2011, ina kai kuɗi da dare ina zuba adashe. Na biya ɗan kawuna saura kaɗan. Awaki biyu na mayar wa matata cikin biyar, 'yan kunnen ba su dawo ba tukuna. Na sayi takalmi mai wuya a gwanjo, irin na masu aikin hanya, wanda ke rufe idon sawu, ina sa shi ko a zafin Afrilu, shi ya sa 'yan tasha ke kirana soja. Ina sa hular kwano. Da azahar nakan koma gida in ɗora ƙafar a kan turmi sa'a guda, in ban yi haka ba kafin magariba takalmin ya matse ni. Ba ta lanƙwasuwa kamar ta hagu, ba na iya gudu, tsugunno ma sai na dafa. Tramol kuwa tun ranar nan ban sake kai shi bakina ba, na ga wanda ya sha shi farfaɗiya ta jefar da shi a tsakiyar titi da fasinja a baya.

Lahadin da ta gabaci Layyar 2025 na fita kasuwa kamar kowa. Wajen la'asar wani Alhaji ya tsayar da ni, yaronsa na janye da rago fari mai ƙaho. Ya ce unguwa kaza, dala 200. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, kai zan kai ka, amma ragon a sa shi a mai ƙafa uku." Ya ce ya ƙara dala 50. Na ce ba kuɗin ba ne. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya yi tsaki, ya ɗaga wa na bayana hannu. Ina kallo aka ɗaure ragon aka ɗora, suka bi hanyar yashi. Na tsaya har suka sha kwana, sannan na danna maɓalli, na ɗauki wata mata da kwandon tumatir zuwa Bilbis a dala 40.